Wata 14 muna gwada jinin Umma a gida da na'urar CoaguChek XS

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun kwanaki matan hararmu, wato unguwarmu a nan Makka, ke tambayata a kan 'yar na'urar nan da muke gwada jinin Umma da ita, musamman waɗanda suka ganta a jakata ranar da muka je ta'aziyya Shari Mansur, kowa sai ta ce ki faɗa min gaskiya tana da amfani ko dai ɓarnar kuɗi ce. To yau na samu sarari bari in faɗi abin da na gani da idona, wata 14 kenan tana gidanmu.

Umma shekara 6 kenan da aka yi mata aikin zuciya aka sa mata bawul, wato ƙofar zuciya, na ƙarfe, wanda likitocin nan ke cewa sammam. Asalin ciwon tun tana ƙarama ne a gida Najeriya, ciwon maƙogwaro da ba a kula da shi ba ya zama zazzaɓin da ke taɓa gaɓoɓi ya je ya lalata ƙofar zuciya, sai da girma ya zo sannan ya bayyana. In dare ya yi tsit aka kashe mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, kina kwance kusa da ita za ki ji shi yana ƙas ƙas ƙas kamar agogon hannu, jikokinta har rige-rigen ɗora kunne suke a ƙirjinta. Wanda duk aka sa wa irin wannan bawul ɗin zai sha warfarin har ƙarshen rayuwarsa, don jini yana son daskarewa a jikin ƙarfen, in kuwa gudan jini ya ɓalle ya tafi ƙwaƙwalwa shanyewar ɓarin jiki kenan, Allah ya tsare. Mu nan maganin suyula muke ce masa, wasu su ce maganin tsinka jini, amma fa ba wai yana mayar da jini ruwa ba ne kamar yadda mutane ke zato, jinkirta daskarewarsa yake, yana tare aikin bitamin K wanda hanta ke buƙata wajen haɗa abubuwan da ke sa jini ya kama.

Matsalar warfarin ita ce ba shi da awo ɗaya na kowa. Wani miligiram 3 ya ishe shi wani sai 7, kuma mutum ɗaya ma yau da gobe sai ya canza, shi ya sa dole sai ana tahlili, wato gwajin jini, da ake kira INR, mai auna lokacin da jini ke ɗauka kafin ya daskare. Mai lafiya da ba ya shan komai nasa wajen 1 yake. Yawancin masu sha saboda bugun zuciya marar tsari ko gudan jini a ƙafa ana so su tsaya tsakanin 2 da 3, ita Umma saboda irin bawul ɗinta duktur ya ce tsakanin 2.5 da 3.5. In ya yi ƙasa jini na iya daskarewa, in ya yi sama zubar jini. Siraɗi ne wallahi, a kansa muke tafe shekara 6.

Kafin na'urar, duk tahlili sai mun fita. Wanda ya san Makka ya san abin da nake nufi, a tashi tsohuwa da sassafe a nemo sayyara, wato mota, a je a kama layi, a nemi jijiya a hannun da duk ya ƙoshi da allura, wani lokacin sai an soka sau 3 kafin a samu, washegari wurin ya yi baƙi ƙirin kamar an doke ta, sannan a jira sakamako. In lambar ta yi kyau sai bayan sati 4, in ba ta yi ba duk sati. Goman ƙarshe na Ramadan da kwanakin Hajji kuwa ba a magana, hanyoyi a rufe, kuɗin mota ya ninka, akwai shekarar da muka yi kusan sati 7 ba gwaji don kawai fitar ta gagara, ina kwana ina tashi da fargaba. Yaya ne da ke aiki a Jidda ya ce wannan ba rayuwa ba ce, ya tambayi likitanta ko akwai ta gida, likitan ya ce akwai kuma ya yarda amma da sharaɗi, zan zo kan sharaɗin.

Na'urar ta kamfanin Roche ce, girmanta bai wuce tafin hannu da 'yan yatsu ba, ta ɗan fi ta gwajin suga girma, batir 4 take ci ƙananan nan irin na rimot. Tana aiki da 'yan tsinkaye da ake cewa sharayit, kowane kwalin sharayit yana zuwa da wani ɗan guntun roba mai lamba da za ki cusa a gefen na'urar, kuma duk sanda kika buɗe sabon kwali sai kin canza shi kin tabbatar lambar da ta fito a fuskar na'urar ita ce a jikin kwalbar da sharayit ɗin ke ciki. Ki cusa tsinken, ta ɗan ɗumama shi kamar rabin minti, sai ta fara ƙirga miki lokaci, ki huda gefen yatsa ki ɗiga jini digo ɗaya, kafin minti ɗaya ya cika ko ya ɗan gota lamba ta fito. Shi kenan. Ranar farko da Umma ta ga abin ya ƙare tana zaune a kan dardumarta ko mayafi ba ta yafa ba sai ta ce, ke 'yar nan, shi kenan an gama? Na ce an gama Umma. Ta jinjina kai ta ce Allah ya yi wa yayanki albarka.

Amma kar in ɓoye muku, satin farko na ɓarnatar da sharayit har 5 kuma duk daga hannuna ne. Digon da take so ya fi na suga girma, kuma ana so ya hau tsinken cikin daƙiƙa 15 da hudawa don jini yana fara kamawa da zarar ya fito, ni kuma sai in huda in tsaya matsa yatsan ina lallaɓawa, sai ta nuna min lamba 5 alamar jinin bai isa ba, tsinke ya tafi a banza. Wata ma'aikaciyar jinya 'yar Sudan ce a asibitin da Umma ke zuwa ta zaunar da ni ta koya min, Allah ya saka mata. Ta ce a wanke hannun da ruwan ɗumi da sabulu a goge ya bushe sarai, a saki hannun ƙasa ya yi lilo na ɗan lokaci jini ya sauko, a huda gefen yatsa kar a huda tsakiya, kar a tatse shi da ƙarfi kamar ana tatsar akuya, a ɗan shafo shi daga gindin yatsa kawai. Kuma kar a huda sai na'urar ta nuna ta shirya. Tun daga ranar da wuya in yi asarar tsinke. Hannun Umma yana da sanyi saboda mukayyif, to sai in ba ta kofin shayi ta riƙe kafin mu fara, wannan dabarar tawa ce kuma tana aiki.

Abu na biyu da duk mai zama a ƙasar nan ya kamata ya sani shi ne zafi. Sharayit ɗin ba a so su wuce digiri 30, mu kuwa Makka da rani sai ta haura 45, balle cikin motar da aka ajiye a rana. Kar ki saya ki bar su a sayyara ki shiga kasuwa, kar ki ajiye a kicin ko kusa da taga, ni a ɗakin da mukayyif ba ya mutuwa nake ajiyewa cikin durowa, in ɗauki ɗaya in rufe kwalbar nan take, wanda na fitar kuma ba ya wuce minti 10 ban yi amfani da shi ba. Ku duba ranar ƙarewar wa'adi kafin ku biya, don in kika sayi babban kwali mai 24 alhali sau 2 kike gwaji a wata kusan shekara zai kai ki. Maganar kuɗi kuma, na'urar sau ɗaya ake saye amma sharayit kullum ne, ba ko wace saidaliyya, wato shagon magani, ke ajiye su ba sai manya ko a yi oda, wanda zai saya ya zauna ya yi lissafin shekara tukunna, in yana da tamin, wato inshorar lafiya, ya tambaya ko suna ɗauka kafin ya fitar da riyal ɗaya.

Ranar da na san kuɗin Yaya bai tafi a banza ba ita ce lokacin da Goggo ta zo umra daga Kano ta sauka a wajenmu. Kun san mutanenmu in za su taho sai da jakar magani guda, na zazzaɓi na ciwon ciki na ciwon jiki. Umma ta kwana biyu cikinta na murɗawa tana zagayawa, Goggo da kyakkyawar niyya ta ce wa Umma ga filajil ki sha, mu shi muke sha nan da nan ya tsaya. Ni ina wajen aiki ban sani ba, su biyun ba wanda ya ɗauke shi a bakin komai balle a faɗa min. Kwana 4 tana sha. Ranar Alhamis da asuba na ga asuwakinta a kan darduma bakinsa ja, na ce Umma dasashinki jini yake? Ta ce ai ƙarfi na sa. Da ta ɗaga hannun riga za ta yi alwala sai ga wani tabo shuɗi-shuɗi a damtsenta mai faɗin murfin kofi, ta ce ba ta bugu da komai ba. Gabana ya faɗi. Ba ranar gwaji ba ce, saura kwana 9, a da can da jira za mu yi. Na ɗauko na'urar hannuna na rawa, 5.8 ta nuna. Na ce Umma dan Allah me kika sha, sai Goggo ta fito da sauran ƙwayoyin a ledarsu tana salati.

Ba mu tsaya komai ba muka tafi tawari, wato sashen gaggawa na asibiti. Suka ɗauki na jijiya ya fito kusa da abin da na samu, duktur ya tsayar da filajil ɗin ya ce a tsallake warfarin na ɗan lokaci ya rubuta mana ranar da za a sake gwadawa da awon da za ta koma, ya ce saboda bawul ɗin ba ya son ya sauke lambar da gaggawa ta faɗi ƙasa kuma. Shi ya yi mana bayani cewa metronidazol, sunan filajil kenan na asali, yana hana jiki narkar da warfarin sai ya taru ya yi ƙarfi, haka Septrin, haka maganin cutar naman gwari, wato fungus, irin su fluconazole da man nan na farar cutar baki mai miconazole. Goggo ta yi kuka sosai a motar dawowa tana cewa da na kashe 'yar uwata, Umma na ba ta haƙuri. Ni ban ga laifinta ba, laifin namu ne da ba mu gaya wa baƙuwa dokar gidan ba. A nan tun 2018 saidaliyya ba ta ba ka antibayotik sai da wasfa, wato takardar likita, shi ya sa muka saki jiki, mun manta da jakar alhazai. Yanzu duk wanda ya sauka gidanmu ranar farko nake gaya masa, ko fanadol za a ba Umma a tambaye ni.

Tunda na ambaci fanadol, shi ne maganin ciwon da likita ya yarda ta sha, shi ma in za ta jera kwanaki tana sha sai mu gwada. Burufen da Voltaren da asfirin kuwa an hana ta sai in likitan zuciyarta ne ya rubuta da kansa, don su suna cin ciki su jawo zubar jini, kuma abin da nake so ku gane shi ne irin wannan haɗarin na'urar ba ta ganinsa, INR zai iya fitowa daidai alhali ciki na zubar da jini. Kar lamba mai kyau ta ruɗe ki. Kashi baƙi kamar kwalta, fitsari ja ko ruwan shayi, aman jini, haɓon da ya wuce minti 10 bai tsaya ba, ciwon kai mai tsanani farat ɗaya, ko faɗuwa a bugi kai ko da ba a ga jini ba, duk waɗannan ba na tsayawa neman tsinke ba ne, a kira lambar gaggawa 997 ko 911 ko a ɗauke ta a tafi. In tambaya ce kawai ta hana ki barci akwai 937 na ma'aikatar lafiya, na kira su cikin dare ba sau ɗaya ba.

Wani abin da na'urar ta koya mana shi ne abinci. Da farko Umma ta ɗauka an hana ta ganye gaba ɗaya, ta bar miyar alayyafo ta bar mulukiyya ta bar kwaɗon zogale tana ta jin haushi, ashe ba haka ba ne. Ganye kore yana da bitamin K, shi kuma yana rage wa warfarin ƙarfi, to abin da ake so ki ci yadda kika saba kar ki yi sati ba ki taɓa ba sannan ki wayi gari ki cinye kwano guda kwana 5 a jere. Mun gani ƙiri-ƙiri da aka aiko mana da busasshen zogale aka yi ta kwaɗo, lambar ta sauko 1.9. Yanzu tana cin ganyenta sau 2 ko 3 a sati, awo kusan ɗaya, an daidaita maganin a kan haka. Su hulba da habbatus sauda da garin citta da tafarnuwa, wanda ake sawa a girki ba ma damuwa, amma a jiƙa a sha a matsayin magani sai an tambaya. Kaho kuma ta haƙura da shi duk da tana so, mai shan wannan maganin in aka tsaga shi jinin ba ya tsayawa da wuri, haka cire haƙori sai an gaya wa likitan haƙorin tun kafin a zauna a kujera. Maza masu sha in an gama umra ku gaya wa mai aski, ko a yi da inji a bar reza.

Sharaɗin da na ce likita ya kafa mana shi ne wannan, na'urar lamba kawai take bayarwa, ba ita ke yanke awon magani ba kuma ba ni ba ce. Duk gwaji ina rubutawa a ɗan littafi, rana da lamba da miligiram nawa ta sha da duk wani sabon abu da ya shigo, in lambar ta fita daga 2.5 zuwa 3.5 in kira su su faɗi abin yi. In ta yi sama sosai sai an tabbatar da na jijiya. Lokaci-lokaci kuma muna tafiya da ita asibiti a yi nata a yi nasu rana ɗaya a gwama, namu bambancin bai taɓa wuce 0.3 ba. Na san wata baiwar Allah da ta sayi irinta ta daina zuwa mau'idin ganin likita gaba ɗaya, yau ta ƙara rabin ƙwaya gobe ta rage, alhali warfarin in ka canza awo sai bayan kwana 2 ko 3 yake nunawa a jini, sai ta zama tana bin inuwa, wannan ya ba ni tsoro matuƙa kuma na gaya mata. Wanda zai yi haka gara kar ya saya.

Sannan ba kowa ke buƙatarta ba. Masu shan sababbin magungunan nan Eliquis ko Xarelto ba ruwansu da INR, na'urar ba ta auna su, kar a yaudare ku. Na tambayi duktur ko za a mayar da Umma kansu mu huta ya ce sam, mai bawul na ƙarfe warfarin ne kawai. Mai ƙarancin jini sosai ko mai wata cutar garkuwar jiki da ke sa jini daskarewa lambar na iya fitowa ba daidai ba, a tambayi likita tukun. Matan da ke shan warfarin kuma suna sa ran haihuwa ku yi magana da likita kafin cikin ya shiga don yana yi wa ɗan tayi illa, kuma kar ki tsayar da kanki.

Akwai wata maƙwabciya da ta taɓa gaya wa Umma wai maganin ɓera ake ba ta, ta dawo hankali a tashe ta ce ba za ta ƙara sha ba. Gaskiya ne a Amurka aka fara fitar da shi a matsayin maganin ɓera a 1948, daga baya a 1954 aka amince a ba mutane da awo, har shugaban ƙasarsu Eisenhower an ba shi da ya yi ciwon zuciya a 1955. Na ce mata Umma shekara 70 ana shan abin nan, awo ne ya raba magani da guba, ga shi kuma awon yana hannunmu. Ta ce to Allah ya sa mu dace, ta karɓa ta sha.

Ku kula da kalar ƙwaya ma. An taɓa ba mu na wani kamfanin daban a wata saidaliyya ba a ce mana komai ba, Umma kuwa da kala take gane nata. A tsarin Ingila ruwan hoda miligiram 5 ne, shuɗi 3, ruwan ƙasa 1, a tsarin Amurka kuma ruwan hoda 1 ne shuɗi 4, ku duba irin ɓarnar da za a yi. Lambar da ke jikin kwali ake karantawa. Ni nake jera mata na sati a 'yar akwatin nan mai kwana 7, tana sha bayan sallar isha kullum, da azumi ma lokacin bai canza mana ba, in ta manta ta tuna a daren ta sha, in gari ya waye an wuce wurin ba a haɗa biyu, sai in rubuta a littafi. Hudar yatsa da rana a Ramadan mun tambayi malamai sun ce ɗigon jinin gwaji ba ya karya azumi, don haka muna gwadawa sati ɗaya kafin a kama, sannan duk sati har sallah saboda cin abinci ya juya.

In kina da tsoho a gida mai shan warfarin na dindindin, fita tana yi masa wahala, akwai mai ido da natsuwar da zai riƙa gwadawa yana rubutawa, kuma likitansa ya yarda zai riƙa karɓar lambar, ni dai na ce ki saya, mu ta yi mana rana. In wata 3 ko 6 aka rubuta masa ya gama, ko asibiti na bakin ƙofarku, ki riƙe kuɗinki. Gwajin shekaranjiya 2.9 ya nuna, sharayit 7 suka rage a kwalba, na riga na ce wa Yaya ya taho mana da sabon kwali daga Jidda kafin Zulƙida ta shiga a fara tsaurara hanya.